Sojan Ruwan Ƙofar Kibo

Zariya garin soja ne, amma sojan ƙasa. Tun 1924 ake horar da kurata a barikin da mutanen gari ke kira Daffo, kuma tun 1954 makarantar soja ta yara ke karɓar 'ya'yan jama'a tana mai da su masu kaki. Duk wanda ya tashi a garin ya saba da ganin sababbin kurata da askin ƙwalkwabo suna gudun asuba, saboda haka idan aka ce wane ya shiga soja, ba a tambayar wane iri. Abin da ba a saba ji ba shi ne ɗan cikin ganuwa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi Galma faɗi ba, ya tafi ya zama sojan teku. Garin yana kan tudu, sama da mita 600 bisa matakin teku, kuma tsakaninsa da Legas ta layin dogo kusan kilomita 1,000 ne.

Akwai wanda ya yi hakan a Ƙofar Kibo, ko Ƙofan Kibo kamar yadda bakin Zage-zagi ke faɗa, kuma a hunturun da ya wuce aka kai shi makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Unguwa ta daɗe da ajiye sunansa na yanka. Yara da manya Sojan Ruwa suke ce masa, har katin ɗaurin aure da haka ake rubuto masa. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya bakwai, jikoki masu yawa, gidan gado a cikin birni, da wani lambu a bakin Galma da ya saya da kuɗin sallamarsa. Lambun nan ya kusa raba kan 'ya'yansa bayan an share makoki, kuma ba za a gane dalilin rigimar ba sai an san abin da fita bayan gari take nufi a wurin mai lambun.

Gidansu gidan ɗinki ne. Birnin Zariya ya yi suna da aikin babbar riga na hannu, aska biyu da aska takwas, kuma mahaifinsa a zaure ya ƙare rayuwarsa, riga a cinya, allura a hannu, daga hantsi zuwa la'asar, ba ya tashi sai salla. Sana'a ce ta mutunci, mai cin haƙuri da idanu. Yaron ya koye ta, hannunsa ma ya faɗa, sai dai zaman ne ya gagare shi. Da an ɗauke ido sai a neme shi a rasa, a same shi kan dutsen Madarkaci ko bakin wani kududdufi yana kallon ruwa. Ya sha bulala a kan haka. Bayan an gama yaƙin basasa a Janairun 1970, da ya kammala firamare ya ɗan taɓa ɗinkin ya ga ba za shi ba, sai ya ji ana ɗaukar sojan ruwa. Mahaifin bai ga laifin soja ba, laifin nisa ya gani. Mahaifiyar kuwa ruwan take tsoro, domin a saninta kowane babban ruwa yana da masu shi, kuma ba a shiga gidan mutane ba sallama. Ta ɗinke masa laya a cikin ɗamarar wando, ya hau jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari.

Rundunar da ya shiga ƙarama ce a lokacin, kuma yarinya. A 1956 aka kafa ta daga tsohuwar ma'aikatar kula da jiragen ruwa ta Turawan mulki, sai 1964 ɗan ƙasa, Joseph Wey, ya fara shugabantarta. Yaƙin basasa ne ya nuna amfaninta, domin ita ta toshe hanyar teku, ita kuma ta sauke sojojin ƙasa a Bonny a Yulin 1967. Da kuɗin man fetur suka shigo sai aka shiga sayen jirage daga Ingila da Jamus, ana kuma neman matasa daga kowace jiha. Wani abu da Bahaushe zai yi murmushi idan ya ji shi ne sunayen jiragen. Al'adar rundunar ce ta ɗauki dabba ɗaya ta raɗa wa jirage iri ɗaya sunanta a harsunan ƙasa daban-daban, saboda haka aka sami Dorina, aka sami Damisa, daga baya Kyanwa, a 'yan shekarun nan kuma Kada. Babban jirgin yaƙin da aka ƙero a Hambog ta Jamus ya fara aiki a 1982, shi kuwa sunansa Aradu. Sojan Ruwa yakan ce ranar da ya fara ganin an rubuta Dorina da manyan baƙaƙe a jikin jirgi a Apapa, ranar ce ya ji kamar ya haɗu da ɗan unguwarsu a bariki.

Watanninsa na farko ba su yi daɗi ba. Bai iya iyo ba, sai fantsama irin ta yaran kududdufi, kuma duk lokacin da jirgi ya fita daga mashigin Legas ya tarar da igiyar teku, cikinsa sai ya juya. Abin da ya cece shi wurin manyansa allura ce. Aikin matuƙan jirgi cike yake da igiya da tamfol, ɗauri da saƙa da faci, kuma ɗan gidan ɗinki ba ya buƙatar a nuna masa ƙulli sau biyu. Sana'ar da ya gudu ya bari ita ta tsaya masa a inda ya gudu ya je, kuma ya san da haka, yakan faɗa yana dariya. Yana Legas a 1975 lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni suna jiran wurin sauke kaya. Ya ce da dare fitilunsu sun fi na Zariya da Sabon Gari da Tudun Wada a haɗe.

Game da Laberiya kuwa bakinsa a rufe yake. An san dai yana cikin waɗanda suka yi jigilar dakarun ECOMOG da suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a Agustan 1990, tashar da aka kama Shugaba Samuel Doe a cikinta makonni kaɗan bayan haka. Jirage kan je da sojoji su dawo da 'yan gudun hijira. Abu ɗaya tak ya taɓa gaya wa matarsa, ita kuma ba ta faɗa wa yara ba sai bayan rasuwarsa: ya ga mutane sun faɗa ruwa a turmutsutsin hawa jirgi, kusa da gaɓa ƙwarai, inda mai iyo zai fita da numfashi uku, suka nutse ana kallo. Bai ƙara komai a kai ba.

Ya ajiye kaki kafin a koma mulkin farar hula a 1999, ya dawo gidan ubansa. A nan ne unguwa ta fara ganin abin da ba ta gane ba.

A tsarin birni mai ganuwa, dattijo yana da wurin zama. Akwai zaure, akwai dakalin ƙofar gida, akwai majalisa bayan la'asar, akwai sahun farko a masallaci. Daji na manomi ne da maharbi da makiyayi, kowa da abin da ya kai shi. Tafiyar da babu saƙo a cikinta ba ta da suna mai kyau a Hausa: yawo ne, idan ya yi yawa ya zama gantali. (Jikokin masu wannan hukunci ne yau ke biyan kuɗi a Abuja da Kaduna domin su yi tafiya a kan na'ura, fuska ga bango.) To ga mutum ya haura hamsin, da fanshonsa da rufin asirinsa, ya idar da sallar asuba, maimakon ya koma ya kishingiɗa sai ya ɗaure jaka a bayan keke ya fice ta ƙofar gari. Wata rana Galma, wata rana Kubanni, wata rana ya jingine keken a gindin Kufena ya hau dutsen har ƙololuwa, ba maganin da ya je nema, ba tsuntsun da ya je harbi. Wasu suka ce teku ta taɓa shi. Wasu suka ce ai mahaifiyarsa ta faɗa tun farko.

Bayanin da shi ya bayar ya fi wannan sauƙi. Ya ce ya shekara ashirin da wani abu duk inda ya juya yana ganin inda sama ta haɗu da ruwa, yanzu kuwa idan ya ɗaga kai a lungu, saman da yake gani ba ta fi faɗin tabarma ba. Birnin da ya bari ma ba shi ya tarar ba. Ganuwar da magabata suka gina ta kewaye gidaje ne har da gonaki da fadamu, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami abin ci. Yana yaro ana noma dawa a cikin ganuwa, rimaye kuma sun yi yawan da unguwanni ke cin sunansu, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Kafin ya dawo gini ya cinye yawancin filayen, ganuwar kanta an yi ta ɗibar ƙasarta. Sararin da yake nema ya koma bayan gari, shi kuma ya bi shi.

Ba shi kaɗai ne sojan ruwan da ya koma wa itatuwa ba. Murtala Nyako, wanda ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, an fi saninsa a Adamawa da Baba Mai Mangwaro. Sai dai wancan babbar gona ce ta kasuwanci. Lambun Ƙofar Kibo kuwa bai taɓa mayar da kuɗin da aka zuba masa ba. Mangwaro ne da gwaba da 'yan kunyoyin rake, rijiya ɗaya, rumfar kara, sai wata tsohuwar ɗorawa da ya tarar ya hana a taɓa. Maƙwabtansa na fadamar Galma suna fitar da kwandunan tumatir da albasa a rani, shi kuwa rabin lokacinsa yana bakin ruwa da fatsa, ya kama tarwaɗa biyu ko karfasa uku ya ce ya isa.

A wannan lambu da hanyar zuwa gare shi ya yi yawancin tarbiyyarsa. A gida mutum ne mai ƙarancin magana, mai son a jera takalma a share tsakar gida kafin rana ta fito, irin tsabtar jirgi da ke gajiyar da iyali. Amma da an fita ƙofar gari sai bakinsa ya buɗe. Ya koya wa yaransa su san iska da kuncinsu: idan ta juyo daga kudu maso yamma tana da laima, daga teku take, damina ta kusa, a fara duban rimi ko shamuwa ta sauka. Idan ta juyo daga arewa maso gabas da ƙura, hunturu ne. Yakan ce ƙurar nan da ke tasowa daga hamadar Chadi ta ratsa Zariya ba ta tsayawa sai ta kai teku, kuma sau da yawa ya share ta a doron jirgi da safe yana cewa a ransa ta biyo ta gidansu.

Da dare kuma taurari. Ya san Kaza da 'ya'yanta da Gamzaki tun yana yaro, amma a gadin dare a jirgi wani hafsa ya nuna masa abin da ya fi burge shi. Tauraruwar arewa ba ta gusawa kamar sauran, kuma tsayinta daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da nisan mai kallo daga layin da ya raba duniya biyu. Zariya tana kan digiri 11, Legas 6 da ɗoriya. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Saboda haka a Zariya tauraruwar tana zaune bisa dunƙule ɗaya da ɗan yatsa, a Legas ta sauko kusan rabi, idan jirgi ya ci gaba kudu sai ta nutse. Yaran unguwa da yawa sun tsaya bayan isha'i, hannu a miƙe, suna auna inda garinsu yake a doron duniya. Ya kuma gaya musu teku na cikowa tana janyewa sau biyu a yini, cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, don haka mai duban wata a Zariya da mai jiran ruwa a Kalaba abu ɗaya suke lissafi.

Babban aikinsa dai iyo ne. Birnin Zariya cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda ke cika da damina. Yaro ya ga ruwa sai ya shiga, hani ba ya hana shi, sai dai ya sa ya shiga a ɓoye, inda babu babba. Iyaye sun san wannan, kowace unguwa tana da labarin yaron da aka tsamo, amma maganin da aka sani bulala ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa ta kashe mutum kusan 300,000 a shekarar 2021, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi ci. Sojan Ruwa bai san wannan adadi ba lokacin da ya fara. Nasa lissafin shi ne tun da ba za a iya raba yaro da ruwa ba, a koya masa yadda zai fita.

Yana da wata igiya da ya zo da ita daga aiki, da dalma a bakinta, ya yi mata ƙulli a kowace gaba. Ma'aunin da masu jirgi ke auna zurfin ruwa da shi, ƙafa shida, shi ne dai gabar da Bahaushe ke auna igiyar guga da ita, hannu biyu a buɗe. Kafin yaro ya sa ƙafa a Galma sai an jefa igiya an ƙirga ƙulli. Da rani kawai yake koyarwa, ruwa ya ja baya. Darasin farko ba bugun ruwa ba ne, kwanciya ce rigingine, a saki jiki, a bar ruwa ya ɗauke mutum, domin a cewarsa tsoro ne ke fara nutsar da mutum kafin ruwa. Yaron da bai iya kwanciya ya ƙirga ɗari ba, ba ya wucewa gaba. Ya fara da nasa, sai na 'yan'uwa, sai na maƙwabta, har ya zama ranar Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, ana ganinsa da ayarin yara a bayan keke.

Har 'ya'yansa mata ya koya wa, suna ƙanana, da rigunansu, a wata kwana da rake ya kāre. Wannan ya jawo magana sosai, har wani ƙanen mahaifinsa ya tako ya same shi. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, sa'an nan ya ce, "Baba, Allah Ya ba ka haƙuri. Ruwa ba ya tambaya ko mace ce." Bai daina ba, amma da yarinya ta fara girma yakan tsayar da ita da kansa.

Matarsa ma ta yi adawa, kuma tata hujjar ta fi ƙarfi. Ruwan kogi da na kududdufi na ɗauke da tsargiya, cutar da ke shiga ta fata ta sa yaro fitsarin jini, kuma biyu daga cikin yaran sun kamu sai da aka yi magani. Ta ce, "Malam, ka tsare su daga abin da mai yiwuwa ne, ka kai su ga abin da yake tabbas." Gaskiya ta faɗa, kuma bai da amsa, sai dai ya riƙa kai su gwaji. Wanda zai yi masa adalci dole ya ce ya zaɓi haɗari ɗaya a kan wani ne, a garin da ba shi da wurin koyon iyo mai tsabta da ɗan talaka zai shiga. A ƙarshen Nuwamban 2021, da rediyo ya ba da labarin jirgin da ya kife a Bagwai ta Jihar Kano da ɗaliban Islamiyya a ciki, bai ci abincin dare ba. Matar ta ajiye masa kwanon, ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Duk wannan, akwai ɗa ɗaya da bai samu ba. Ɗan farinsa an haife shi uban yana teku, aka yi suna ba ya nan. Da aka yaye shi sai aka bar shi wurin kakanni, kamar yadda aka saba, sauran iyalin suka tafi barikin sojan ruwa na Ojo a Legas. A zauren ɗinki ya tashi, uba kuwa baƙo ne mai zuwa hutu da biskit. A kan nisan sai aka ɗora kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, idan zai aike shi sai ya ce "kai" ko "yaron nan". Al'adar tana da hikimarta a gidan da uba yake nan kullum, domin yaro na ganin kulawar ta wasu hanyoyi. Idan uban ba ya nan, babu abin da ke isa ga yaron sai shirun. Kafin Sojan Ruwa ya yi ritaya ɗan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ya karanta aikin safiyo, ya kama aiki a Kaduna. Ƙannensa suna da labarin Kufena da tauraruwar arewa. Shi bai taɓa hawa bayan keken ba, kuma har yau bai iya iyo ba. Da ya fara aiki uban ya sami abin kiransa, Safiyo, suka ci gaba da gaisawa cikin ladabi kamar maƙwabta nagari.

Shi ne kuma ya hana shi fita. Daga wajen 2020 bayan garin Zariya ya daina zama wurin da tsoho zai yi yawo shi kaɗai. Ana shiga unguwannin gefe da dare ana ɗaukar mutane, a Yunin 2021 aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli aka tafi da malamai da ɗalibai. 'Ya'yan suka yi shawara, babban ya zo da saƙon.

"Baba, don Allah a haƙura da fitar asubar nan. Idan aka ɗauke ka, da me za mu fanso ka?"

"Safiyo, wa zai ɗauki tsoho da keke?"

"Sun ɗauki waɗanda ko keken ba su da shi, Baba."

Ɗan ne mai gaskiya, babu ja. Da uban ya ƙi ji, sai aka ce keken na bukatar gyara, aka tafi da shi, ba a dawo da shi ba. Ya gane, bai tambaya ba. Aka yanke masa zuwa lambu sau ɗaya a mako, da rana tsaka, a Keke Napep, da jika a gefe. Ayarin yara ya watse. Sauran kwanakin yakan hau saman soro bayan asuba ya zauna yana duban gabas, daga baya gwiwa ta hana shi hawa, ya dawo zaure, daidai inda mahaifinsa ya zauna. Mutanen unguwa suka ce Sojan Ruwa ya natsu. Matarsa ta ce tun ranar da keken ya fita ya fara tafiya. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba.

Rabon gado a shari'a a bayyane yake: matar tana da tumuni, sauran na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Matsalar ita ce lambu ba ya rabuwa gida-gida ya ci gaba da zama lambu. Gari kuma ya iso wurin, dillalan filaye sun daɗe suna zagaye. Masu son a sayar ba marasa kirki ba ne: ɗaya tana zawarci da marayu a gidan haya, ɗaya yana da yara uku a jami'a, ƙasar kuma ba ta kawo komai. Masu son a bari, su ne ƙananan da suka koyi iyo a wurin, ba su da kuɗin da za su fanshi rabon sauran. Aka yi zama biyu aka tashi ba daɗi. Babban yana ɓangaren sayarwa, kuma da yake aikinsa ne, shi aka ɗora wa awo da yanka fuloti.

Neman takardar cinikin lambun ne ya kai shi ga akwatin ƙarfen uban. A ƙarƙashin farin kaki da takardar sallama ya tarar da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da igiya shekara-shekara. A jirgin ruwa akwai littafin da ake rubuta komai a kowane zangon gadi, iska da yanayi da zurfi da abin da ya faru, ba sharhi, ba son rai. Tsohon bai daina ba. Kowace rana layi biyu ko uku: iska daga kudu maso yamma, shamuwa ta sauka a rimin bayan masallaci, Galma gaba guda da rabi, wance ta kwanta a ruwa ta ƙirga ɗari. A tsakanin waɗannan, da irin wannan murya, akwai shi. Ranar da ya ci jarrabawa, ranar da ya yi zazzaɓi a makaranta, ranar da aka ƙara masa girma, ranar da ya zo daga Kaduna da ƙarfe nawa ya koma. Da cikakken sunansa na yanka, wanda bai taɓa ji daga bakin uban ba. Ranar da aka ɗauke keken ma tana nan: sunansa, sai "ya tafi da keke, yana tsoro ne", sai yanayin iska.

Bai gaya wa ƙannensa ya sauya ra'ayi ba, domin bai sauya duka ba. 'Yar'uwarsa na nan a gidan haya. Ya yi awon kamar yadda aka sa shi. A littafi na farko uban ya rubuta tsawon lambun da faɗinsa da gaba, ya auna da igiyar nan, kuma da aka kafa na'ura bambancin bai kai mita biyu ba. Ya yanka ɓangaren tudu, mai kallon hanya, fuloti-fuloti aka sayar aka raba. Ɓangaren gangare, siririn da ke bin kogi, inda ɗorawar take da kwanar da rake ya kāre, ba mai saye da daraja domin ruwa na hawansa duk Agusta. Shi ya ce a ba shi a matsayin rabonsa. Malamin da ya yi rabon ya tambaye shi sau biyu ko ya san ya karɓi ƙasa da haƙƙinsa, ya ce ya sani, aka rubuta ya yafe. Matarsa ba ta ji daɗi ba, kuma ta faɗa.

A saman tudun yanzu an sare mangwaron, an haƙa harsashin gidaje uku, masu buga bulo na ɗibar ruwa a rijiyar marigayin. Safiyo yakan zo daga Kaduna wasu ranakun Asabar, da rana tsaka, ya ajiye mota a bakin hanya ya gangara da takalminsa na ofis. Autan gidan ya yi masa tayin koya masa iyo idan rani ya yi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yakan tsaya nesa da gaɓa kaɗan ya jefa igiyar, ya jawo, ya ƙirga ƙullin da suka jiƙe, ya rubuta a shafukan da suka rage a littafin ƙarshe. Asabar ɗin da ta wuce Galma ta nuna gaba biyu ba kamu ɗaya, ruwan ya fara ja.